Maƙera daban, kasuwa daban: inda ake fara kafa manhajar kamfani

A shekarun nan da wuya a shiga babban buro a Yamai, ko babbar mangaza a Maraɗi da Damagaram, ba a tarar da zancen manhaja ba. Ɗan kasuwan da ya gaji da littattafan da gara ke ci yana son na'ura ta riƙe masa lissafin buhunan shinkafa da jarkokin mai. Darakta a ma'aikatar gwamnati yana son takardun albashi da na hutu su bar kabad su koma cikin kwamfuta. Sai a kira wani matashi da ya karanci fannin, a yi ciniki, a ba shi kafin alƙalami, bayan mako biyu ya zo ya kunna allo, ya nuna shafi mai launi da tambarin kamfani a sama, kowa ya ce madalla. Tambayar da ba a cika yi masa ba ita ce wannan: a ina ya fara kafa abin, kuma a ina zai riƙa gwada gyare-gyarensa in aiki ya kankama? Amsar wannan tambaya ce ke raba kuɗin da aka zuba da kuɗin da aka zubar.

Irin manhajar da ake nufi ba baƙuwa ba ce ga masu karatun wannan shafi. Duk wanda ya taɓa fitar da kaya a duwan ya ji sunan SYDONIA, wadda hukumar kasuwanci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, CNUCED, ta ƙera. Ma'aikatan lafiya kuma sun san DHIS2, wadda jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke kula da ita, inda ake zuba alƙaluman asibitoci. Dukkansu hali ɗaya gare su: manhajar tana zaune a kan babbar kwamfuta guda, wadda ake kira uwar garke, sauran ma'aikata kuma suna isa gare ta daga teburansu. Alfanunta shi ne kowa na ganin lissafi ɗaya a lokaci ɗaya, na Tawa da na Ƙonni. Illarta kuwa, in uwar garke ta yi tuntuɓe, garken duka ne ke tsayawa.

Ba a gina irin wannan manhaja daga ƙasa. Kamar yadda mai yin ɗakin shuci ke fara ɗaure tsaiko kafin ya kawo ciyawa, haka masu rubuta manhaja ke ɗaukar wani tsaiko da wasu suka riga suka ɗaure, wanda ya ƙunshi abubuwan da kowane kamfani ke bukata: shigar ma'aikaci da kalmar sirri, iyakance abin da kowa zai gani, magana da rumbun bayanai, buga takardu. Akwai Spring ga masu aiki da harshen Java, akwai Django ga masu Python, akwai Laravel ga masu PHP. Wanda ya fi kusa da bukatar ɗan kasuwa shi ne Odoo, domin shi ya zo da tsaikon da kuma rabin jinkar: saye, sayarwa, mangaza, faktir, lissafin kuɗi. Wani ɗan ƙasar Beljiyam, Fabien Pinckaers, ya fara shi a 2005 da sunan TinyERP, daga baya ya koma OpenERP, a 2014 aka raɗa masa sunan da yake amsawa yau. Yana da zubi na kyauta da kowa ke iya ɗauka, da zubi na biya. Da shi za a yi misali a nan, amma abin da za a faɗa ya shafi sauran.

A wurin masu wannan sana'a, manhaja tana da mazauni uku. Na farko maƙera ce, wato kwamfutar mai rubutun, inda yake kafa tsaikon, ya lanƙwasa, ya karya, ya sake, ba tare da kowa ya yi asarar dala ba. Na biyu filin gwaji ne, wanda ake yi masa kama da wurin aiki na gaske, inda kontabul da mai mangaza za su zo su taɓa da hannunsu. Na uku shi ne kasuwa, inda faktir na gaske ke fita, kuɗi na gaske ke shiga. Maƙeri ba ya gyaran gatari yana hannun mai sara. Amma abin da aka fi gani a ƙananan kwangiloli shi ne a haɗe ukun a kwamfuta guda don tsimin kuɗi, har ta kai mai gyara yana taɓa manhajar da ƙarfe goma na safe, alhali mai karɓar kuɗi na tsakiyar rubuta wa Alhaji faktir ɗin tirela biyu.

Kafa maƙerar kanta aiki ne na yini ɗaya ga wanda ya iya, amma kowane mataki yana da tarkonsa. Odoo da harshen Python aka rubuta shi, kuma kowane zubi nasa yana da zubin Python da yake yarda da shi. Zubi na 17, wanda ya fito a 2023, ba ya tashi da abin da ya gaza Python 3.10, kuma yana son rumbun bayanai na PostgreSQL daga zubi na 12 zuwa sama. Bayan waɗannan akwai ƙananan kayan haɗi masu yawa da wasu mutane daban suka rubuta, kowanne da lambarsa, an jera su cikin wata ƴar takarda da ke zuwa tare da manhajar. Mai hankali yana keɓe musu wani ɗaki nasu a cikin kwamfutar, don kada su cakuɗe da na wani aikin. Wanda ya yi gaggawa ya zuba su ko'ina, manhajar za ta iya tashi a hannunsa lafiya lau, ranar da aka kai ta kwamfutar kamfani ta ƙi motsi, ko kuma, abin da ya fi muni, ta tashi amma ta riƙa kuskure jefi-jefi. Daga nan ne ake jin maganar nan da ta zama abin dariya tsakanin ƴan sana'ar a duniya duka, cewa ai a kwamfutata tana aiki. Mai kamfani bai sayi kwamfutar injiniya ba. Saboda wannan matsala ce aka ƙirƙiro Docker a 2013, wanda ke ƙunshe manhaja da duk kayan haɗinta cikin akwati guda, a ɗauke shi daga maƙera zuwa kasuwa ba abin da ya sauya.

Ko bugun faktir yana da nasa sharaɗin. Odoo ya daɗe yana dogara da wata ƴar manhaja mai suna wkhtmltopdf don mayar da shafi takardar bugawa, kuma in ba zubin da ya dace aka sa ba, sai faktir ya fito babu kai babu ƙafa, wato babu sunan kamfani da lambar NIF a sama, babu adireshi a ƙasa. Abu ne ƙarami, amma takardar da za a kai wa ma'aikacin haraji ba ta da ƙaramin abu.

Sai batun makullai. Masu Odoo da kansu sun toshe wata kafa: manhajar tana ƙin tashi in aka haɗa ta da rumbun bayanai da sunan babban mai iko na PostgreSQL, dole a buɗe mata nata sunan mai iyakantaccen iko. Amma sun bar wata kafar ga hankalin mai kafawa. Akwai babbar kalmar sirri da ke ba da ikon ƙirƙirar rumbu, kwafe shi, ko share shi baki ɗaya, kuma wadda ke zuwa da manhajar tun daga masana'anta ita ce admin, kalma mai harafi biyar da kowane yaro a wannan fanni ya sani. A maƙera, inda manhajar ke sauraro a ƙofa mai lamba 8069 cikin kwamfutar mutum ɗaya, wannan ba wani abin tashin hankali ba ne. Haɗarin yana zuwa ne ranar da aka kwashi saitin maƙera yadda yake aka ɗora a kan intanet. Kamar a gina mangazar siminti ne da ƙofar ƙarfe, sannan a rataye makulli a jikin ƙusa a waje.

Wurin da ya fi cancanta mai kamfani da darakta su tsaya su sa ido shi ne bayanan da ake gwaji da su. Odoo yana zuwa da bayanan wasa, kamfanin ƙarya mai sayar da tebura da kujeru, da abokan ciniki masu sunayen Turawa. Da su ake yawan yin nunin farko, shi ya sa komai ke tafiya sumul. Sai dai kasuwar Maraɗi ba ta yi kama da wannan kamfanin ba. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na OHADA, kuma tun 1 ga Janairu 2018 lissafin kamfanoni yana bin sabon tsarin SYSCOHADA. Odoo yana da sashen da ke kawo wannan jadawalin asusu, amma sai an zaɓe shi tun ranar da aka buɗe rumbun, domin da zarar an fara rubuta shiga da fita a kan wani jadawalin, sauya shi ya zama aikin rushe gini. Harajin TVA na kashi 19 cikin 100 sai an saita shi. Kuɗin sefa ba a ƙirga shi da santim a faktir, don haka sai an duba yadda manhajar ke cike ragowar lissafi, kada jimillar layuka ta saɓa da jimillar ƙasa da tamma ɗaya ko biyu, abin da kontabul zai kwana yana nema a ƙarshen shekara. Ɗan kasuwan da ke saro kaya a Kano ko Katsina yana biya da naira, wadda darajarta ke hawa da sauka, musamman tun da aka sake ta a watan Yuni 2023, alhali sefa tana ɗaure da yuro a kan 655,957. Manhajar da ba a gwada ta da kuɗi biyu ba, za ta nuna riba inda aka faɗi. Ga kuma faktir mai shaidar hukumar haraji ta hanyar SECeF, wanda dole a san tun a maƙera yadda manhajar za ta yi hulɗa da shi.

Akwai wasu ƙananan abubuwa biyu da baƙo ba zai tuna da su ba. Sunayen mutane da garuruwa a nan suna da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ga kuma masu wasali na Faransanci. Ya kamata a rubuta Ɗan Isa da Ƙonni a filin gwaji, a buga, a gani ko sun fito daidai ko sun koma alamar tambaya, a kuma nemi sunan a gani ko manhajar za ta gano shi. Na biyu shi ne agogo. Odoo yana ajiye lokaci da agogon duniya, Nijar kuwa tana gaba da shi da awa ɗaya. In ba a saita agogon masu aiki ba, cinikin da gidan mai ya yi da sha biyu da rabi na daren shiga sabuwar shekara zai iya bayyana a ranar 31 ga Disamba.

To, in bayanan wasa ba su isa ba, sai a kwafo na gaske? Nan ma da gyara. Rumbun gaske yana ɗauke da albashin ma'aikata, da lambobin wayar abokan ciniki, da sunan duk wanda ake bi bashi da nawa ake bin sa. In aka kwafe shi zuwa kwamfutar hannu ta injiniya, sirrin kamfani ya hau kabu-kabu yana yawo a gari. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017, ta sabunta ta a 2022, kuma akwai hukumar HAPDP da ke lura da wannan. Bayan doka ma akwai kunya. Kwafin rumbun gaske yana zuwa da duk umurnin da aka ba na asali, har da aika wasiƙar tunatarwa ga masu bashi. Ba abin mamaki ba ne kwafin gwaji ya aika wa babban abokin ciniki takardar neman kuɗin da ya riga ya biya. Saboda haka ne Odoo, tun zubi na 16 a 2022, ya sa wata dama ta dasashe kwafi, wadda ke kashe aika wasiƙu da ayyukan da ke tashi da kansu. Wanda ya san aikinsa yana amfani da ita, ya kuma sauya sunaye da lambobin waya kafin bayanan su bar buro.

Masu ganin wannan duka tsirfa ce ta ƴan boko, su dubi abin da ya sami manya. Ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin Knight Capital na Amurka, mai cinikin hannun jari, ya ɗora sabon gyara a kan uwayen garkensa guda takwas, aka manta da ɗaya. Cikin kimanin minti 45 wannan guda ɗaya ta yi ta saye da sayarwa da tsohon umurni, kamfanin ya yi asarar fiye da dalar Amurka miliyon 400, bai sake tsayawa da ƙafarsa ba har aka haɗe shi da wani. Ranar 31 ga Janairu 2017 kuma, wani injiniyan GitLab, kamfanin da sana'arsa ke nan ajiye rubutun manhajar mutane, ya ba da umurnin share rumbu yana zaton a kan na biyu yake, ashe a kan na gaske yake. Kusan gigabait 300 suka tafi. Da aka juya ga kwafin ajiya, sai aka tarar hanyoyin da aka dogara da su ba sa aiki yadda ake zato. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka awa shida kafin nan don amfanin filin gwaji. Aikin awa shida ya salwanta, sauran ya dawo. Waɗannan kamfanoni ne masu ƙwararru da yawa, balle mangazar da ke da injiniya guda, shi ma na haya.

Wani abin da ake yanke hukuncinsa tun a maƙera, ba tare da mai kamfani ya sani ba, shi ne ko manhajar za ta iya girma. Kowane kamfani yana da al'adarsa: wannan yana sayar da siminti da tan amma yana karɓa da buhu, wancan yana ba dillali la'ada a kan kowace mota. Hanyar ƙwarai ita ce a rubuta waɗannan ƙare-ƙare a wani sashe daban, a ajiye shi gefen tsaikon, ya riƙa gadon abin da ke ciki ba tare da an taɓa asalin ba. Hanyar rago ita ce a buɗe cikin Odoo a yi ta yanka da ɗinki. Duka biyun suna aiki a ranar nuni. Bambancin yana fitowa ne daga baya, domin Odoo yana fitar da sabon zubi kowace shekara, kuma zubi uku na ƙarshe kaɗai yake yi wa gyara na yau da kullum. Wanda aka yanka masa asali ba zai iya ɗaukar sabon zubi ba sai ya zubar da duk abin da ya biya, don haka sai ya zauna a kan tsoho, ramukan da aka gano a cikinsa suna buɗe. Kamfanin Equifax na Amurka ya ɗanɗana wannan a 2017: an fitar da gyaran wani rami a tsaikon Apache Struts a watan Maris, ba su ɗora ba, cikin ƴan watanni ɓarayi suka kwashe bayanan mutum kusan miliyon 147.

Rubutun waɗannan ƙare-ƙare kuma dukiya ce, kuma ya kamata a san mai ita. Ƴan sana'ar suna ajiye shi ne da Git, wanda Linus Torvalds ya ƙera a 2005, wani irin littafi da ke riƙe kowane gyara da ranarsa da sunan wanda ya yi shi, ta yadda in gyaran Talata ya ɓata abu, ana iya komawa ga na Litinin. In wannan littafi yana cikin asusun injiniya shi kaɗai, to ranar da ya sami aiki a Dakar ko Abijan, ko aka saɓa a kan ragowar kuɗi, kamfani ya zama ɗan haya a gidan da ya gina. A ma'aikatun gwamnati abin ya fi ciwo, domin mai kwangila yana tafiya, daraktan da ya sa hannu a yi masa sauyin wurin aiki, wanda ya gaje shi ya tarar da na'ura mai aiki wadda ba wanda ya isa ya taɓa. Ƙarshenta a sake fitar da kuɗin talakawa a sayi abin da aka riga aka saya.

Yanayin ƙasa ma yana da nasa hukunci. Kafa maƙera yana bukatar sauko da kaya masu nauyi daga intanet, kuma ba kullum hanya ke buɗe ba. A watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, aka yi watanni ana fama. A watan Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga duhu. Injiniya mai tunani yana ajiye kwafin duk kayan haɗin a cikin gida, da lambobinsu, don in uwar garke ta ƙone a irin wannan rana a iya tayar da wata ba tare da jiran Turai ba.

Kuɗin duk wannan ba shi da yawa in aka gwada da abin da ake karewa. Python, PostgreSQL, Git da zubin Odoo na kyauta ba a biyan ko dala a kansu. Filin gwaji yana iya zama tsohuwar kwamfuta a kusurwar buro. Abin da ake biya shi ne kwanakin injiniya, kuma su ne ake fara yankewa in ana ciniki, domin ba a ganin su a allo. Mai kamfani ba ya bukatar ya iya karanta layi ɗaya na Python kafin ya kare kansa. Yana iya sa a rubuta a kwangila cewa littafin Git zai zauna da sunan kamfani, kuma za a ba shi takardar da ta bayyana yadda ake kafa manhajar tun daga kwamfuta fanko, da lambar kowane zubi. Kafin biyan kashi na ƙarshe, sai ya kawo wata kwamfutar da ba a taɓa sa mata komai ba, ya kira wani injiniyan daban, ya miƙa masa takardar da kwafin ajiya na daren jiya. A Odoo kwafin nan kashi biyu ne, rumbun bayanai da kuma jakar da ke riƙe takardun da aka liƙa, kuma sau da yawa ana ɗaukar na farko a manta da na biyu. Baƙon injiniyan ya bi takardar shi kaɗai, ba tare da ya buga wa na farko waya ba, har ya buɗe faktir na ƙarshe da aka rubuta jiya da la'asar, ya buga shi, kontabul ya ɗora shi kusa da na asali ya duba jimilla da lambar NIF.